Ana Ta Feshi, Albasa Na Ta Ruɓewa

Duk shekara in damina ta yi nisa, aka fara buɗe rudu daga Galmi har Tsarnawa ana tsince albasar da ta lalace, gardamar nan sai ta dawo sabuwa. Wannan ya ce irin da aka sayar masa ne na banza. Wancan ya ce takin zamani ne ya kashe ƙasa. Mai zafin kai ya ce hukuma ce ta ƙi kawo magani kan lokaci. Dattijo ya ce haka Allah ya so, a watse ba a tsai da magana ba. A ɓangaren Illela ma zancen ke nan, sai dai can a bakin rumbu ake yin sa, ana jujjuya zangarniyar da ta fitar da ganye maimakon tsaba.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu, kada mai karatu ya sha wahalar nema. Babban kaso na asarar nan aikin cututtukan funfuna ne, kuma famfon feshin da muka ɗora wa dogaro ba zai raba mu da su ba. Yaƙinsu tun kafin shuka ake cin sa ko a faɗi, sai kuma ƴan makonnin da ke kewaye da girbi. Tsakiyar nan da muke zuba kuɗinmu a kanta ita ce mafi ƙarancin amfani. An bar jaki ana dukan taiki.

Me ya hana mu gane abokin gabar? Ba ya zuwa da hayaniya. Fara in ta sauka kowa ya gan ta, rediyo ya faɗa, hukumar kare tsirrai ta tada motoci. Jan-baki ma haka. Murzuna ko yaro ya duba zangarniya zai nuna maka aikinta. Ita funfuna ƙwayoyinta sun fi ƙura ƙanƙanta. Suna kwance cikin ƙasa shekara da shekaru, suna manne a jikin iri, suna bin iska, suna bin ruwan da ke gudu daga fangali zuwa fangali. Ranar da ido ya ga alamarsu, sun daɗe da cin rabonsu.

A shiga gonar albasa a gandarin Ƙonni ko a kwarin Majiya lokacin da sanyi ya fara ja da baya. Za a tarar da fangalin da bakin ganyensa ya yi rawaya ya bushe daga sama, sai ka ce ƙishi yake ji, alhali jiya aka ba shi ruwa. A tuge guda ɗaya, a ɗauraye gindin a bokiti. Saiwar lafiyayyar albasa fara ce tas. Ta wannan kuwa ta yi ruwan hoda, wata ta riƙa ta yi duhu, wata ta bushe tana tsinkewa da an taɓa ta. Cutar jar saiwa ke nan, kuma masana sun daɗe da sanin ta a ƙasar albasarmu. Mai gonar bai tuge ba, ganye kawai ya duba, don haka sai ya ƙara ruwa, ya ƙara yuriya. Tsiron da saiwarsa ta mutu, da me zai sha? Albasar ta tsaya ƙanana, a ce shekara ce ba ta yi ba.

Tana da ƴar'uwa mai ruɓar da gindi, wadda masana ke kira fusariyom. Ta saiwar da ta raunana take shiga, ko ta inda ƙarfe ya ji wa albasa ciwo wajen noma, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ita ba ta tsayawa a gona, har cikin rudu take bin albasa. Can kuma ta tarar da ta uku. Ɗauki albasar ajiya a watan Yuli ka ɓare ɓawon farko: za ka ga baƙin gari kwance layi-layi, ya ɓata maka babban yatsa. Baƙar funfunar nan zafi da laima take so, kuma rudu a tsakiyar damina ya haɗa mata duka biyun.

Wa ya buɗe mata ƙofa? Mu ne, kuma a makonnin ƙarshe muke buɗewa. Ana ba albasa ruwa har jajibirin cira don ta yi nauyi. Ana zuba mata yuriya bayan ta fara ɗaura kai don ta cika buhu, tunda ɗan kasuwa da buhu yake saye. Ana yanke ganyen yana ɗanye, gab da kai, a bar wuyan a buɗe. A tsibe ta a ranar Afrilu ta ƙone, a cusa a buhu har a yi masa hula, a jefa a mota. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. To wadda aka ɗura wa ruwa da taki har ranar cira, halin ruwan take yi, ba ta zama wuri ɗaya. Gyaran duk wannan ba ya cin ko dala: a tsai da ruwa kamar kwana 10 zuwa 15 kafin cira, a jira wuya ya kwanta da kansa, a bar ta ta sha iska ƙarƙashin ganyenta har wuyan ya bushe, a yanke a bar tsawon yatsa biyu ko uku, a ware duk mai rauni kafin ta ga ƙofar rudu.

Masu cewa “a ba mu magani” su ne mafi yawa, kuma ban raina kukansu ba. Wanda ya ci bashi ya yi noma, yana kallon gonarsa tana ƙonewa, ba lacca yake so ba. Amma wane maganin? A leƙa shagunan kasuwar Ƙonni. Tsakaninmu da Illelar Najeriya ƴan kilomita ne, kwalabe na shigowa a bayan babur ba dare ba rana, kuma mafi yawansu na kashe ƙwari ne ko na kashe ciyawa. Rubutun jikinsu da Ingilishi yake, mai saye kuwa in ma ya yi karatu, Faransanci ya koya ko Larabci. Ƙungiyar manoma ta RECA ta sha zagaya kasuwannin ƙasar nan tana ƙididdige magungunan gona, kuma abin da take tararwa shi ne galibinsu ba su da amincewar kwamitin CSP, wanda ƙasashen CILSS suka ɗora wa alhakin tantance su. Manomi ya zo da ganye a aljihu, mai shago ya jujjuya shi, ya miƙo abin da ke kan kanta ya ce, “Wannan mai ƙarfi ne, Alhaji.” Maganin ƙwari ko an juye kwalbar duka ba ya kashe funfuna. Cutar da ke zaune a saiwa kuwa, feshin ganye ina zai gan ta?

Ban ce feshi ba shi da rana ba. Akwai tabon da ke cin ganyen albasa in raɓa da laima sun yi yawa, musamman ta damina, kuma magani irin mankozeb na rage shi in an fara da wuri. Sai dai cuta ɗaya ke nan cikin da yawa, kuma sai an san ita ce. A nan ne nake ganin buƙatar da muke kai wa hukuma ta karkace. Maimakon mu tambayi kwali nawa na magani aka kawo, mu tambaya: a Dogarawa, ko Bazaga, ko Tajaye, malamin gona nawa ne ke da babur da man da zai kai shi ƙauye ya duƙa ya tuge tsiro? Raba magani ana ɗaukar hotonsa. Albashin malamin gona da man babur ɗinsa ba su da hoto, shi ya sa ba su da farin jini wurin masu kasafi.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce ta masu cewa, “Malam, kai da ke rubutu a inuwa, ka san girman gonata?” Masana sun ce ƙasar da cutar saiwa ta kama a hutar da ita daga albasa shekara 3 ko 4. Mutumin da fegin da ke hannunsa bai kai hekta ɗaya ba, wanda ya karɓi kuɗin taki da mai daga ɗan kasuwa da sharaɗin zai biya da albasa, ya hutar da ita ya ci me? Gaskiya ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ko juya shukar ma ba ta share cutar kakaf, rage ta take yi, don ƙwayar jar saiwa na iya rayuwa a saiwar wasu tsirran, har da masara. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda mutum ɗaya ba zai iya ba, to ba mai iyawa.

Gandarin Ƙonni ya haura hekta 2,400, yana shan ruwan madatsun Mozage da Zango, kuma ba kowa ke buɗe ruwa ranar da ya ga dama ba. Ƙungiyoyin manoma da hukumar ONAHA ke tsara layi. Gyaran gandarin ya kasance cikin manyan ayyukan yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar da Amurka suka sa wa hannu a 2016. An gyara hanyoyin ruwa, madalla. Ƙasar da ruwan zai kwanta a kanta fa, wa ke duba lafiyarta? Waɗanda suka iya tsara ranar da kowane sashe zai sha ruwa, sun iya tsara shekarar da kowane sashe zai huta da albasa ya ɗauki alkama, ko kabeji, ko rogo. Tafarnuwa dai ba ta cikin lissafi, dangi ɗaya suke da albasa, cutarsu ɗaya. Aikin hukuma a nan shi ne ta nema wa abin da aka shuka a madadin kasuwa, don kada hutun ƙasa ya zama yunwar mai ita. In ba mu tsara da kanmu ba, ƙasar za ta tsara mana, ranar da albasa ta daina biyan kuɗin man injin.

Kafin a kai ga wannan babban aiki, akwai ƙarami da kowa zai iya. Wurin rainon iri ƴan taku ne kawai. A kai shi inda ba a yi albasa ba. In babu, a jiƙa ƙasar a lulluɓe ta da farar leda mako 4 zuwa 6 a tsakiyar bazara; zafin Afrilu da Mayu da muke kuka da shi zai kashe da yawa daga ƙwayoyin cutar. Mai sayen dashe a kasuwa ko wurin maƙwabci ya duba saiwa kafin ya biya, don ƙunshi ɗaya mai jar saiwa ya isa ya shuka cuta a gonar da ba ta taɓa sanin ta ba. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Zancen iri ma akwai abin faɗa. Lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi ya yi wa sunan albasar Galmi rajista a hukumar mallakar fasaha ta OAPI, ƙasar nan ta tashi tsaye har aka hana, kuma daidai aka yi. Sunan mun tsare shi. Lafiyar irin fa? Har gobe akwai mai mayar da ragowar albasar da ta ƙi sayuwa gona don ta yi masa iri. Kamata ya yi uwar iri ta fito daga albasar da ta fi daɗewa a rudu ba tabo ba tsiro, ko da kuwa ita ce ta fi tsada a ranar.

Kada masu noman damina su ce wannan rigimar ƴan garka ce. Kuturtar hatsi na nan a gonakin tudu daga Illela har Bazaga: ganye ya yi zane-zanen rawaya, da safe a ga farin gari a ƙarƙashinsa, zangarniya ta fito ta zama tulin ƙananan ganye ba tsaba. Masana na cewa mai haddasa ta ɗan'uwan funfuna ne na nesa, amma ga mai gona duk ɗaya ne. Ƙwayarta na jira a ƙasa da jikin iri, kuma tsiron tun yana jariri take kama shi, shi ya sa feshi a watan Agusta ɓata kuɗi ne. Abin da ke aiki shi ne wanke iri da garin magani irin su Apron Star kafin shuka, ƙunshin giram 10 na isar ƴan kilo, sai tuge duk tsiron da ya nuna alama a watan farko a binne shi ko a ƙone. Irin da aka wanke guba ne, ragowarsa ba ta shiga tukunya, ba a ba kaji. Burtuntunar dawa mai mayar da kowace tsaba ƙunshin baƙin gari, wajen sussuka take shafar irin baɗi, kuma wankin iri na kusan gamawa da ita. Akwai mai dogon ƙunshi da iska ke kawowa lokacin fure. Ita wanki ba ya tare ta, sai a yanke kan a binne, a zaɓi iri daga gona mai tsabta.

Wasu na ganin sabon iri zai raba gardama. Zai taimaka ƙwarai. SOSAT-C88 an san shi da jure kuturta, kuma cibiyar binciken noma ta INRAN da ta ICRISAT da ke Sadore ba su zauna ba. Amma a tuna abin da ya sami Indiya a farkon shekarun 1970: an baza gero mai aure iri ɗaya a ƙasa mai faɗi, kuturta ta gano lagonsa, ta yi masa kaca-kaca. Cuta na sauya salo. Iri mai juriya da wankin iri da tuge mai cuta tare suke tafiya.

Sai ƴan kasuwa da manyan ƙungiyar masu albasa, masu cewa matsalarmu hanya ce da iyaka da farashi, cuta ƙaramin abu ce. Suna da abin nunawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO ta rufe iyakoki, motocin albasar da suka nufi Gana da Kodibuwa sun tsaya har kaya suka ruɓe, kuma sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe tata. To amma me ya ruɓar da kayan? Ba jami'in kwastan ya shiga buhu ba. Albasar da aka busar da kyau tana iya jira, wadda ta taso da cuta daga gona ba ta iyawa. Haka zancen farashi. Kowa ya san a Maris da Afrilu buhu ba ya da daraja, zuwa ƙarshen damina ya ninka. Me ke sa manomi ya sayar ranar da kasuwa ta fi faɗuwa? Bashi da tsoron ruɓa. Wane banki ne zai karɓi albasa jingina in bai tabbata za ta kai wata 4 ba? Mai kayan da ba sa ajiyuwa ba ya ciniki, karɓar abin da aka ba shi yake yi.

Akwai ɓangaren da ya wuce aljihu ya taɓa jiki, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Wata funfuna mai kama gyaɗa da masara, musamman in fari ya wahalar da su ko an tara su da danshi, tana barin guba mai suna afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Tana taruwa ta lalata hanta, haɗarinta na ninkuwa ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara. A nan ina gyaɗar da aka tsince, mai ɗaci da ƙwanƙwamewa, take tafiya? Ba a zubar da ita. Ana sayar da ita da araha a yi ƙuli-ƙuli, ko a ba yara, ko a zuba wa dabbar da za mu sha nononta. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin fure don funfuna marar guba ta riga mai guba kama wuri. Kafin ya wadata a shagunanmu, shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, da busarwa sosai, da zubar da tsintuwar gaske, suna hannunmu.

Saura masu cewa ƙaddara ce, da ƴan boko masu cewa manominmu ba ya sauya hali. Na farko amsarsu gajera ce: wanda ya saukar da cuta ya saukar da sanin hanyar kauce mata, kuma ba wanda ke barin akuya ta kwana a gonarsa ya ce ƙaddara. Na biyun kuwa Illela ta riga ta ƙaryata su. A 1989 wani aikin asusun raya noma na FIDA ya kai wasu ƴan manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako ana zuba taki, wato tassa. Suka dawo suka gwada. Shekarar 1990 ruwa ya yi ƙaranci, aka ga inda aka yi tassa ya ba da hatsi, maƙwabta ba su samu ba. Daga nan ba wanda ya roƙi kowa. Tassa ta bazu ƙauye zuwa ƙauye, har fakon da aka yasar ya koma abin saye da sayarwa a Badagishiri da kewaye. Manomin da ya ɗauki aiki mai karya baya irin wannan don ya gani da idonsa, shi ne zai ƙi duba saiwa? A nuna masa fangali biyu gefe da gefe, ɗaya daga wurin rainon da aka gasa da leda, ɗaya daga na kullum. A buɗe masa rudu biyu a watan Agusta. Sauran aikin shi zai yi.

Kuma lokaci ba namu ba ne. A daminar 2023 cutar funfuna ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, a Kachiya da Jaba da Kagarko, ta cinye gonakin mutanen da suka dogara da amfani ɗaya kamar yadda muka dogara da albasa, har irin shukawa ya gagara a shekarar da ta biyo. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi da naka.

Kirana ga majalisar manoma ta jihar Tawa, da tashar INRAN ta Ƙonni, da shugabannin ƙungiyoyin gandari na Ƙonni da Galmi: kafin a zuba irin Oktoba, kowace ƙungiya ta ware fangalin gwaji a bakin hanya inda kowa zai gani, a horar da masu shagunan magani su iya bambanta aikin ƙwaro da na funfuna, a ba malaman gona abin hawa. Kai kuma ɗan'uwa mai gona, in ganye ya yi rawaya bana, tuge guda ka wanke saiwar ka duba, ka kai wa malamin gona kafin ka kai kuɗinka shago.